Cigiyar wani Muhammadu Abubakar: bashin marigayi ya tsayar mana da rabon gado

Ɗan Herwagana: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa kwanakin baya, mun zo maganar gado, sai kawunmu ya fito da littafin lissafinsa na kasuwa, irin mai baƙin bangon nan. Duk waɗanda ke binsa bashi mun gano su mun sallame su, saura mutum ɗaya. Da ajami Baba ya rubuta: Muhammadu Abubakar, mutumin ƙasar Katagum, sai adadin kuɗin, sai wata 'yar magana a gefe. Ba lambar waya, don lokacin ba a fara salula ba. Baba hatsi yake saye da sayarwa a kasuwar Tudun Hatsi, nan Gombe. Na rubuta sunan a Facebook, mutane suka yi ta zubowa, ina ja suna ƙaruwa. Na koma Google, shi kuma manyan ƙasa kaɗai yake nuna mini. Malamin da zai raba gadon ya ce ba zai taɓa komai ba sai an san matsayin wannan bashi. Ta ina zan kama?

Adda Hajjo: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Allah ya yi muku albarka da kuka damu da sauke masa nauyi.

Na Pantami: Muhammadu Abubakar? Ai ni ne, haka aka rubuta mini a firamare. Bari in turo maka lambar asusu 😂

Adda Hajjo: Kai Na Pantami, maganar mamaci ake yi.

Na Pantami: Tuba nake Adda. Allah ya gafarta wa Baba. Amma da gaske a layinmu kaɗai mu huɗu ne masu sunan.

Injiniya Kumo: Allah ya jiƙansa. Ɗan'uwa, abin da Google ya yi maka ba abin mamaki ba ne. Ka duba waɗanda ke ɗauke da sunan nan: Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, sai M.A. Abubakar da ya yi gwamnan Bauchi daga 2015 zuwa 2019, sai Badaru na Jigawa wanda cikakken sunansa Muhammad Badaru Abubakar, sai M.D. Abubakar da ya riƙe Sufeto Janar na 'yan sanda daga 2012 zuwa 2014. Google yana ɗora wanda aka fi rubutu a kansa a sama ne, jaridu da shafukan gwamnati duk nasu ne. Ɗan kasuwar hatsi zai kasance can ƙarƙashi, in ma yana ciki.

Ga abin da za ka gwada. Ka sa sunan tsakanin alamar zance, haka: "Muhammad Abubakar", sannan a waje ka ƙara Azare, ko hatsi, ko wake. Alamar zancen tana tilasta masa kawo kalmomin a jere yadda ka rubuta su. In gwamnonin sun ci gaba da tare maka hanya, ka sa alamar ragi a manne da kalmar da ba ka so, kamar -Badaru -gwamna. A Facebook kuma bayan ka danna wajen mutane, akwai inda ake tacewa da gari ko makaranta ko wurin aiki. Ka zaɓi Azare.

Ɗan Herwagana: Na gode Injiniya. To da wane rubutu zan sa sunan? Shi Baba da ajami ya rubuta.

Injiniya Kumo: Nan ne aikin yake. A ajami rubutu ɗaya ne, a boko kuwa kowa da nasa: Muhammad, Mohammed, Muhammed, Mohammad, Muhammadu, har da masu gajarta shi Mohd ko Muh'd. In ka sa alamar zance, kowanne sai ka gwada shi daban. Abubakar ma akwai masu raba shi biyu, akwai masu rubuta Abbakar.

Baffa Hedimasta: Allah ya gafarta wa mahaifinka, yarona. Ina karanta ku, kuma abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, sai dai ina ganin kuna neman sunan da mai shi ma wataƙila bai taɓa amsa shi ba tun ranar suna.

Na daɗe ina rubuta yara a rajista. Uba zai kawo yaro, ka ce ya sunansa, ya ce Sani. Sai ka matsa ya ce ai Muhammadu ne. Muhammadu a ƙasar nan shi ne Mamman, shi ne Hamma, shi ne Lawal, Sani, Salisu, Bello, Inuwa, Aminu. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, Buba, Bukar, Sadiƙu. Mahaifinka mutum ne mai tsoron Allah, da zai rubuta bashi sai ya rubuta sunan yanka. Amma in ka shiga kasuwa ka ce kana neman Muhammadu Abubakar, kallonka kawai za a yi. Mai yiwuwa duk duniya Mamman Garba ta sani, ko Alhaji Bello Mai Wake.

Sai na biyu. Mu a da, in yara masu suna ɗaya suka taru a aji, sunan gari ko unguwa muke liƙa wa kowa don a bambance. Haka manyanmu da yawa suka samo sunayen da aka san su da su: Tafawa Ɓalewa sunan gari ne, Shagari sunan gari ne. Ko a nan gida, gwamnanmu na farko da aka zaɓa a 1999, Abubakar Habu Hashidu, Hashidun gari ne a ƙasar Dukku. Shi ma Malam Isa Ali Pantami sunan unguwar su Na Pantami yake ɗauke da shi. To mutuminka in ya taɓa riƙe takarda, ba mamaki sunan garinsu ne a ƙarshe, Abubakar ɗin ya faɗi.

Na Pantami: Baffa ka tuna da mu, Allah ya ƙara girma.

Baffa Hedimasta: Kai dai ka natsu. Yarona, ka lura da "ƙasar Katagum" ɗin nan kuma. A bakin mutanen zamanin mahaifinka, ba Azare kaɗai ake nufi ba. Gamawa, Shira, Giyaɗe, Itas, Gadau, Zaki, duk ƙasar Katagum ake ce musu. Garin Katagum ɗin kansa ma a ƙaramar hukumar Zaki yake, tun 1916 aka mayar da fadar sarki Azare. In ka tace da Azare kaɗai, kana iya zubar da shi da hannunka.

Injiniya Kumo: Wannan gaskiya ne Baffa. Sai dai matsalar, mutanen ƙananan garuruwa da yawa ba sa sa garinsu a Facebook, babban gari mafi kusa suke sawa, wasu ma Bauchi kawai, wasu Abuja alhali ba su taɓa kwana can ba. Don haka tacewar tana rage yawa ne kawai.

Adda Hajjo: Ni fa duk ban ga inda za ku same shi a Facebook ba. Mutumin da ya yi hulɗa da Baba tun ba a fara salula ba, yau in yana raye ai dattijo ne tukuf. Wa zai buɗe masa Facebook? Ƙaramar waya ce a aljihunsa, ita ma jika ke duba masa. Ƙanena, ka tambayi iyayenku mata tukuna? Fataken hatsi in sun zo Gombe a da, gidan abokin cinikinsu suke sauka. Matar da ta yi shekaru tana dafa wa baƙo tuwo ba ta manta shi, ta san abin da ake kiransa, ta san garinsu, wani lokacin har sunan matarsa.

Ɗan Herwagana: Kawu muka tambaya, ya ce lokacin yana makaranta a Bauchi, bai san shi ba. Inna tana takaba, shi ya sa ba mu so mu dame ta da maganar kuɗi.

Adda Hajjo: Wannan ba damu ba ne. Maganar sauke wa mijinta nauyi ce, za ta fi kowa son a yi. Ka zauna kusa da ita bayan isha'i, kada ka fara da bashi, ka ce ta ba ka labarin baƙin da Baba ke saukewa.

Mai POS Jekadafari: Oga ni ina da gajeriyar hanya. Akwai wani da na sani, in ka ba shi suna da jiha, zai fito maka da duk masu sunan daga rajistar NIN, da hoto da lambar waya da adireshi. Kuɗin ba yawa. Ka same ni ta gefe.

Barista Maman Hanif: Malam Mai POS, don Allah ka janye wannan. Ɗan Herwagana, kada ka je. Bayanan NIN ba na sayarwa ba ne, kuma hukumar NIMC mai rajistar NIN ɗin ba ta buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙofar lalube da suna ba. Duk wanda ya ce zai yi maka, ko dai ƙarya yake zai ci kuɗinka, ko kuma ta ɓarauniyar hanya yake shiga. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ga kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015. Mai sayarwa da mai saye duk suna iya shiga uku. Ka fito biyan bashin mahaifinka, kada ka koma gida da shari'a.

Mai POS Jekadafari: Haba Barista, taimako ne fa. Ai ba sata za a yi ba, kuɗi za a kai wa mutum.

Barista Maman Hanif: Na yarda da niyyar Ɗan Herwagana. To sauran ɗaruruwan masu sunan da za a zazzage musu hoto da adireshi a wayar wani fa, wa ya nemi izininsu? Hanyar da za ka bi yau don alheri, ita ce wani zai bi gobe ya nemo gidan matar da ta gudu daga dukan miji.

Injiniya Kumo: Ko an ajiye doka a gefe ma, ba zai yi amfani ba. A ce an ba ka jerin mutum ɗari biyar masu sunan, da me za ka gane naka? Ba ka san fuskarsa ba, ba ka san shekarar haihuwarsa ba. Kuma kamar yadda Baffa ya ce, wataƙila ba da sunan ya yi rajista ba.

Mai POS Jekadafari: To shi ke nan, na janye. Amma in an samu ko tsohuwar lamba ce, a sa ta a Truecaller. Ko a cire sifilin farko a sa a matsayin lambar asusun OPay ko PalmPay kamar za a tura kuɗi, suna zai fito kafin a tura. Wannan dai ba laifi ba ne ko?

Injiniya Kumo: Wannan kowa na yi kafin ya tura kuɗi. Sai dai a san iyakarsa. Truecaller yawanci daga littafin lambobin mutane yake kwaso suna, abin da wasu suka ajiye ka da shi ke fitowa, shi ya sa za ka ga "Mai Gyaran Fanka" ko "Baban Ummi". Kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani na sake sayar da shi, sai ka kira ka ji wani daban. Amma duk wannan sai da lamba, shi kuma ba shi da ita. GSM a 2001 ya shigo Najeriya, littafin ya girme shi.

Maganar Adda ce ta buɗe mini ido. Mu daina neman dattijon, mu nemi 'ya'yansa. Su ne ke Facebook. Kuma tunda mu sunan uba muke sawa a ƙarshe, ɗansa zai zama wane Muhammad, ko wane Mamman, ko wane M. Abubakar. Sannan kada ka tsaya a wajen mutane, ka danna wajen rubuce-rubuce. Abu biyu ne ke sa sunan dattijon da bai taɓa riƙe babbar waya ba ya shiga intanet: sanarwar rasuwa da katin ɗaurin aure. Ka rubuta "rasuwar mahaifinmu Alhaji" da sunan da garin, ko "iyalan Alhaji" ko "iyalan marigayi". A irin waɗannan ne ake kawo cikakken suna haɗe da laƙabi, wani lokacin har da unguwa da masallacin da za a yi jana'iza.

Na Pantami: Ni da ni ne, hoton shafin littafin zan ɗauka in watsa a manyan shafuka da TikTok, in ce duk wanda ya san mai wannan kuɗi ya yi magana. Kafin magariba an same shi.

Malam na Bolari: Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan mahaifinka. Malamin da ya dakatar da rabon ya yi daidai, don a Suratun Nisa'i Allah ya ambaci rabon gado ne bayan wasiyya da bashi, kuma ya zo a hadisi cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa.

Shawarar Na Pantami kuwa, rabinta daidai ne. Cigiya dole a yi ta, amma ba a buɗe komai. Da aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da tsintuwa, cewa ya yi a san jakarta da igiyar da aka ɗaure ta da ita, sannan a yi cigiya shekara guda. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Hikimar ita ce mai tsintuwa ya riƙe alamomin a ransa, wanda ya zo ya ce tasa ce shi zai siffanta. Bashi ba tsintuwa ba ne, amma hanyar gane mai gaskiya ɗaya ce. Adadin kuɗin nan da 'yar maganar da ke gefe, su ne jakarka da igiyarka. In ka watsa hoton shafin, ka miƙa wa kowane maƙaryaci amsar tambayar da za ka yi masa.

Mai POS Jekadafari: Allah ya gafarta Malam, to mu a nan zaure ko a kunne a faɗa mana nawa ne 😅

Malam na Bolari: Ko a nan kada ya faɗa. Mun fi mutum ɗari biyu a zauren nan, kuma hoton allo ba ya neman izini kafin ya fita.

Barista Maman Hanif: Ina goyon bayan Malam, kuma zan ƙara da wani ɓangaren da ba a cika dubawa ba. Suna ɗaya yana jawo wa wanda bai ji ba bai gani ba. Na san wata yarinya da aka kusa fasa aurenta saboda wani ɗan'uwanta ya rubuta sunan manemin a Google, ya ga labarin wani mai irin sunan da aka gurfanar kan damfara. Jiha ɗaya, suna ɗaya, shekaru kusan ɗaya. Labarin ba hoto. Kafin a tantance, magana ta zagaya dangi, har an fara cewa a mayar da kaya. Sai da wani kawunta ya taka har kotun ya tambaya, aka ga wancan yana tsare a lokacin da wannan ke zuwa zance. An ɗaura auren, amma har yau akwai 'yan'uwan da ke yi masa kallon-kallo.

Don haka Ɗan Herwagana, in ka ci karo da wani a Facebook da kake zato, kada ka ɗauko hotonsa ka kawo nan ko wani wuri kana tambaya "wa ya san wannan?" Mutanenmu ba sa karanta rubutu har ƙarshe. Suna ganin hoto da kalmar bashi, za su ɗauka shi ake bi.

Adda Hajjo: Wallahi kuwa. Kafin ka ce kwabo an rubuta masa "Allah ya tona asirinsa" a ƙasa.

Na Pantami: To na sauka daga kan TikTok. Amma rediyo fa? Dattawa ai ita suke ji.

Baffa Hedimasta: Yanzu ka yi magana. Cigiya a rediyo ta girmi intanet, kuma ga irin wannan mutumin ta fi ta kaiwa. A nan akwai gidan rediyon jiha, akwai Progress, akwai Amana. Amma tunda can ƙasar Katagum ake zato, BRC ta Bauchi ya kamata a kai wa. A rubuta gajere: iyalan marigayi wane na Tudun Hatsi a Gombe suna cigiyar wane ko magadansa. Kada a ambaci kuɗi sam.

Kuma kada ku manta, lokacin da ake wannan ciniki jiha ɗaya muke. Ranar 1 ga Oktoban 1996 aka cire Gombe daga Bauchi. 'Yan kasuwar wancan zamani sun san juna ciki da bai, daga Gombe har Azare. Ka je Tudun Hatsi ka nemi shugabannin kasuwa, ka ce a haɗa ka da tsofaffin dillalai. Dillali ba ya manta wanda ya taɓa ba shi la'ada, balle wanda ya hana shi.

Injiniya Kumo: Baffa kun kayar da mu 'yan boko ke nan.

Baffa Hedimasta: Ba kayarwa ba ne. Dillali zai ba shi laƙabi da gari, kai kuma ka ɗauki laƙabin ka nemo masa ɗan a waya. Da suna tsura ne ba ka da abin kamawa.

Mai POS Jekadafari: Ni wata tambaya ke damuna. Kuɗin wancan lokacin fa? Kafin ƙarshen 1999 takardar naira 50 ce mafi girma a ƙasar nan, ta 1000 sai 2005 ta fito. In an same shi, adadin da ke rubuce za a ba shi, ko za a lissafa da darajar yau? Don abin da ya sayi buhu goma a da, yau ko tiya ba zai saya ba.

Na Pantami: Abin da aka rubuta shi za a biya mana. In ka ƙara ai riba ce.

Barista Maman Hanif: Riba kuma? Mutum ya jira shekara kusan talatin, a kawo masa kuɗin cefanen yini ɗaya a ce an biya shi?

Malam na Bolari: Ku bi a hankali, mas'ala ce da malamai suka yi saɓani. Mafi yawan magabata sun tafi a kan ana biyan bashi da kwatankwacin adadinsa, ko kuɗi ya tashi ko ya faɗi. Wasu, musamman cikin malaman zamani, suna ganin in faɗuwar ta yi muni ƙwarai a duba daraja ko a yi sulhu. Abin da ba saɓani a kansa: in mai biya ya ƙara don kansa ba tare da an sharɗanta tun farko ba, wannan ba riba ba ce, kyautatawa ce, kuma Annabi (SAW) ya ce mafi alherinku shi ne mafi kyautata biya. Sai dai tunda dukiyar ta zama ta magada, ƙarin sai da yardarsu, kuma ba a taɓa rabon maraya ƙarami a yi kyauta da shi. In kuma asalin abin hatsi ne aka karɓa ba kuɗi ba, hukuncin na iya canzawa. Wannan a bar wa malamin da ke rabon, shi zai ga littafin da idonsa.

Ɗan Herwagana: Allah ya gafarta Malam, in kuma an yi duk wannan ba a same shi ba fa? Akwai ƙannenmu mata da ke jiran rabonsu.

Malam na Bolari: Ba sai an tsare kowa ba. Ana iya ware abin da zai isa biyan bashin a ajiye a hannun amintacce, a raba sauran. Ka kai wa malamin wannan shawara. In an yi iyakar ƙoƙari har aka fid da rai da samunsa ko magadansa, malamai sun ce a yi sadaka da shi da niyyar ladan ya je masa, bisa sharaɗin in ya bayyana daga baya a ba shi zaɓi: ya amince da sadakar, ko a biya shi. Amma ba ku kai nan ba tukuna. Rubuta suna a Google ba shi ne iyakar ƙoƙari ba.

Admin: Jama'a, duk wanda ke da labari ya rubuta a nan fili. Ban yarda wani ya bi Ɗan Herwagana ta gefe da sunan taimako ba.

Ɗan Herwagana: Barkanmu da safiya. Labari biyu ne. Na farko, da daddare wata baƙuwar lamba ta yi mini magana a WhatsApp, wai shi ɗan Muhammadu Abubakar ne na Azare, mahaifinsa ya rasu, kuma ya bar musu wasiyya cewa akwai kuɗinsa a Gombe. Na ce masa me mahaifin naka ke sayarwa, ya ce hatsi. Na ce da wane suna ake kiransa a kasuwa, ya ce Alhaji Bello Mai Wake.

Na Pantami: Innalillahi! Misalin da Baffa ya bayar jiya 😂😂

Baffa Hedimasta: Sunan da na ƙaga da bakina don misali, har ya haifi ɗa a dare ɗaya.

Admin: Ke nan daga zauren nan maganar ta fita, ko mai ita yana ciki. Turo mini lambar ni kaɗai, kada ka sa ta a nan, don ba mamaki layin wani bawan Allah aka yi amfani da shi.

Adda Hajjo: Allah ya shirya. Na biyun fa? Ka zauna da Inna?

Ɗan Herwagana: Na zauna da ita Adda, kuma yadda kika ce haka aka yi. Ina ambatar baƙin Baba ta fara lissafo su. Ta ce akwai wani dogo da ke zuwa da kaka, Baba na ce masa Mamman, su kuma a cikin gida Na Gamawa suke ce masa. Ta ce ba ta taɓa jin an kira shi Muhammadu Abubakar ba, amma shi kaɗai ne baƙonsu daga wancan ɓangaren. Ta faɗa mini wani abu kuma da ya haɗa gidanmu da nasu, wanda ɗansa na gaskiya ba zai kasa sani ba. Wannan na riƙe.

Malam na Bolari: Madalla. Ka riƙe shi da kyau. Sai dai ka tuna zato ne har yanzu cewa Na Gamawan shi ne na cikin littafin. Dillalan kasuwa za su tabbatar ko su kore.

Injiniya Kumo: Yanzu aiki ya zo hannuna. Zan gwada Mamman da Muhammad da Gamawa a wajen rubuce-rubuce, in bi ta sanarwar rasuwa da ta aure, in duba zaurukan 'yan Gamawa. In na ga abin da ya yi kama zan gaya maka kai kaɗai da sanin Admin, ba zan tuntuɓi kowa ba. Amma ka sani Na Gamawa na iya nufin ƙauyen da ke kusa da Gamawa ne, ba cikin gari ba.

Direba Ɗan Misau: Salamu alaikum, sai yanzu na buɗe data na ga zancen. Allah ya jiƙan Baba. Ni hanyar nake bi, Gombe zuwa Azare ta Dukku da Darazo, in ratse a Kari in bi ta Misau. A tashar Azare akwai motocin Gamawa, kuma akwai wani tsohon kamasho da ya daɗe yana lodin buhuna, duk wani tsohon ɗan hatsi na yankin ya san shi. Ka rubuta takarda da sunan mahaifinka da laƙabin mutumin da lambarka, ba maganar kuɗi, in kai masa. Shi zai ba direban Gamawa ya kai wa sarkin kasuwa.

Barista Maman Hanif: Lambar da za ka sa a takardar, in da hali kada ta zama wadda ke haɗe da asusunka na banki.

Ɗan Herwagana: To Barista. Direba, yaushe za ka tashi? Ina so in fara shiga Tudun Hatsi da Kawu tukuna, in dillalai sun ƙara mana wani abu sai in sa a takardar.

Direba Ɗan Misau: Jibi in Allah ya kai mu. Ka same ni a tasha kafin ƙarfe bakwai, mota na cika nake tashi. Ka rubuta ta da boko da ajami duka, kamashon ba ya karanta boko.